Tsohon Keke Ba Tarkace Ba Ne

Jama'a, a gidajenmu na Dabai ba a rasa tsohon keke jingine a bayan rumbu. Da shi iyayenmu suka yi ta kai dawa kasuwar Zuru. Da babur ya zo, sai aka manta da shi. 'Yan gwangwan kuwa suna yawo, suna sayen irinsa bisa awon kilo. To, kafin mu sayar, bari mu san abin da ke hannunmu.

Ƙarfin keke yana ga gangar jikinsa, wadda masu gyara ke kira firam. Da bututun ƙarfe ake yinta. Maƙerin keke yakan auna bututun, ya yanka, ya goge bakinsa da magagari. Sa'an nan ya zura shi cikin wani ɗan kwaroron ƙarfe. Ya sa wuta, ya narka tagulla, ta bi mahaɗar ta cika ta. Tagulla tana narkewa a zafin digiri kamar 900. Ƙarfe kuwa sai ya wuce 1,400. Don haka tagulla ta narke, ƙarfe na nan daram. In wuta ta yi yawa, ƙarfe ya yi rauni. In ta yi kaɗan, haɗi bai kama ba. Sanin wannan shi ne gwaninta.

Ga amfanin irin wannan haɗi: in bututu ɗaya ya lalace, gwani na iya sa wuta ya cire shi, ya sa sabo.

Mu dubi goshin kekenmu. In mun ga hoton kan zalɓe, Raleigh ne. Asalinsa birnin Nottingham ne a Ingila, a dā kuma an haɗa shi a Kano.

A ƙasashen Turai akwai masu tara tsofaffin kekuna, suna adana su. A Italiya, tun 1997 ake wani taron hawan keke mai suna L'Eroica, inda ake fitowa da tsofaffin kekunan tsere na ƙarfe.

Mu fa? Mu ɗauke namu daga ruwan sama, don tsatsa ce ajalinsa. Mu goge shi, mu sa wa sarƙa mai. Mu duba mahaɗa ko ta tsage. In ba ta tsage ba, mu kai shi wurin mai gyara. Yaro ya samu abin zuwa makaranta, mu kuma mu huta da sayen fetur. Da tsohuwar zuma ake magani.