Bayan An Cire Ƙarin Hanta, Da Sauran Aiki

Ranar da likita ya fito daga ɗakin tiyata ya ce an yi nasarar cire ƙarin da ke cikin hanta, dangi kan yi hamdala su ɗauka magana ta ƙare. A wurin likitoci kuwa, ranar ce aikin sa ido ke somawa, domin sankarar hanta tana da halin komowa. Cikin majiyyata 10 da aka yi wa aiki, har 7 na iya sake gamuwa da ita kafin shekara 5, galibi a shekara 2 na farko.

Dalilai biyu ne ke kawo haka. Na farko, wasu ƙwayoyin cutar kan riga su ɓuya a sauran hantar tun kafin aiki. Na biyu, abin da ya raunana hantar yana nan, musamman ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma. Irin wannan hanta tana iya fid da sabon ƙari.

Abin tsoro shi ne ƙari ƙarami ba ya ciwo. Kafin ciki ya kumbura ko ido ya yi shawara, sau da yawa lokaci ya ƙure. Saboda haka ake dogara ga hoto. Na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan cikin 1971, tana nuna hanta yanki-yanki. Haka ma na'urar MRI, mai aiki da maganaɗisu.

Kafin a ɗauki hoton akan yi wa majiyyaci allurar wani ruwa mai haska jini. Hanta tana samun yawancin jininta daga jijiyar da ta taso daga hanji, shi kuwa ƙari daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya yake sha. Don haka yakan riga hanta haskawa, sa'an nan ya dusashe. Da wannan alama likita ke bambanta shi da tabon tiyata.

Bisa ƙa'ida, akan ɗauki hoto duk wata 3 zuwa 6 a shekara 2 na farko, daga baya a tsawaita. Akan haɗa da awon jini na AFP, ko da yake ba kowane ƙari ke ɗaga shi ba.

Idan aka tarar da ƙari bai wuce santimita 3 ba, ana iya ƙona shi da allura mai zafi, ko a sake yanke shi. Kuɗin hoto da nisan asibiti suna da nauyi, amma wanda ya daina zuwa don ya ji sauƙi, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Ya kamata ya kiyaye ranar da aka ba shi, ya kuma tafi da tsofaffin hotunansa, domin sai an gwada sabo da tsoho ake gane abin da ya sake.