Mai Kyamara a Gidan Dambe

'Yan dambe biyu kan daɗe suna auna juna, hannun garkuwa a miƙe, hannun da aka ɗaure da zare a janye baya. Sai kawai fili ya kaure da ihu, an yi kisa. Rabin 'yan kallo ba su ga ta inda naushin ya shiga ba. Wannan ɗan tsakanin shi ne abincin mai kyamara, ko a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ko a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano.

Abu na farko da yake saitawa shi ne saurin ƙiftawar kyamara. Hoton ango da amarya ba ya buƙatar gaggawa, amma naushi sai an kama shi cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, ko ma ƙasa da haka. In ba haka ba hannun zai fito a shafe. Matsalar ita ce, gwargwadon saurin ƙiftawa, gwargwadon ƙarancin hasken da ke shiga, ga shi kuma manyan wasanni sai rana ta yi sanyi ake sa su. Shi ya sa ƙwararru suke son gilashin nan mai janyo nesa daga milimita 70 zuwa 200, mai faɗin ido, wanda ke zuƙar haske sosai. Tsadarsa kan kai ta kyamarar kanta, don haka wasu na hannu suke saye. Idan magariba ta kawo jiki, sai a ɗaga abin da ake kira ISO, a haƙura da hoto mai ɗan yashi-yashi.

Mai bidiyo lissafinsa daban. Fim na yau da kullum hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa. Idan aka ɗauki turmi da hoto 120 a daƙiƙa, aka dawo da shi 25 wajen tacewa, motsi zai yi jinkiri kusan sau biyar. A nan ake ganin yadda zare ya sauka a haɓa, gumi ya fantsama, gwiwa ta saki. Irin wannan maimaici yana cikin abin da ya jawo wa tashar Dambe Warriors a YouTube 'yan kallo daga ƙasashen da ba su taɓa jin kalangu ba. Wayoyin hannu na yanzu ma suna iyawa, wasu har hoto 240, sai dai da duhu ya fara suke gazawa.

Duk da haka, ni a ganina wanda bai san dambe ba, ko an ba shi kyamarar da ta fi kowace tsada, ƙura zai kwaso. Wanda ya jira ya ga naushi kafin ya danna, ya makara. Gwanin ba hannun zare yake kallo ba. Ƙafar baya yake kallo, da kafaɗa, domin nan nauyin jiki yake fara tashi. Ya san bahago, ya san mai kai shuri, ya san ɗan wasan da kirari ke tunzurawa. Yakan durƙusa a bakin fili, rana a bayansa, don ɗan dambe ya fito da tsawo da kwarjini, kuma ba ya sauke kyamara bayan kisa, saboda sau da yawa fuskar masu kiɗa da 'yan ɓangaren Kudu ko Arewa ko Guramada da suka ruga cikin fili ta fi naushin kansa daɗin kallo.

Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gaba, musamman da hunturu. Ba a cire gilashi a tsakiyar fili, don ƙwayar ƙasa ɗaya a cikin kyamara za ta bayyana a kowane hoto. Batir biyu ko uku da memori na ajiya ba sa barin aljihu.

Kuɗin sana'ar daga masu gidajen dambe yake fitowa, da kafofin labarai, da tallan da ke biyo bayan kallo a YouTube da Facebook. Masu gidajen nan su taimaka da abu biyu: su kafa fitilu masu ƙarfi, su kuma keɓe wa masu ɗauka wuri a bakin fili inda 'yan liƙi ba za su tare musu gaba ba.