Wuni guda gaban talabijin a Nima: Indiyawa sun iya Twi, Hausarmu fa?

Lahadin da ta wuce na wuni a gidan gwaggona a Nima. Ba suna ya kai ni ba, ba aure ba. Cewa na yi bari in zauna tun safe har dare in ga abin da talabijin ke zuba wa mutanen gidan. Gida ne irin namu na zango: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, kwanon tauraron ɗan Adam uku a kan rufi. Amma babban akwatin yana falon Hajiya, can kowa ke taruwa.

Bayan Asuba rimot na hannunta, ba mai gardama. Tashar Makka take sawa, ta rage murya, tana kallon masu ɗawafi tana jan carbi. Ko ta so canzawa ma, safiyar Lahadi yawancin tashoshin gida na coci ne. Wannan ba abin fushi ba ne: ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun kai kashi 71 cikin 100 na mutanen Ghana, mu Musulmi muna kusa da kashi 20, kuma wanda ya sayi lokaci shi ake nunawa. Yara suka sha koko da ƙosai suka tafi makaranta.

Da hantsi mata suka gama wanki, rimot ya koma hannunsu. Maimaicin wasan Indiya ne da aka juya zuwa Twi. Tun da Adom TV ta fara sa Kumkum Bhagya da Twi a 2015, wannan salo ya kama gidaje har yau. Ka ga mace da sari da jan ɗigo a goshi tana faɗa da uwar mijinta kamar 'yar kasuwar Kejetia. Matan gidan duk Hausa suke yi da juna, amma babu wadda ta nemi a fassara mata kalma ɗaya. Suna kallo suna yanke hukunci: wannan muguwa ce, wancan sakarai ne, da ni ce da tuni na koma gidanmu. Wallahi muhawarar ta fi wasan daɗi.

Da rana ta karkata sai samari suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, kowa da rigar kulob ɗinsa. Su ne ke haɗa kuɗin wata na dikoda, saboda haka idan lokacin ƙwallo ya yi ba sa roƙo. A wannan lokaci na shekara agogon Ingila na gaba da namu da awa ɗaya, wasan Firimiya na ƙarfe 4:30 a can 3:30 yake kamawa a nan, daidai La'asar. Hajiya ta kafa doka tun tuni: ba sallah, ba ƙwallo. Sai ka ga ƙato ya dawo daga masallaci da gudu, takalmi ɗaya a hannu, yana tambayar nawa-nawa.

A daidai wannan lokacin ake buga gasar gida, amma ban ji wanda ya tambayi yadda Hearts of Oak ko Asante Kotoko suka kwana ba, sai kawuna. Shi ɗan Hearts ne tun yana yaro, yana tuna 2000 da suka ɗauki kofin zakarun Afirka kamar jiya aka yi. Samarin suka bar shi yana ba da labari shi kaɗai. Abu ɗaya ne ya haɗa su: Mohammed Kudus. Yaron nan a lungunan Nima ya tashi, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya je Nordsjaelland a Danmak, ya je Ajax, ya shiga West Ham a 2023, sannan Tottenham a 2025. Ƙwallo biyu da ya ci Koriya ta Kudu a Katar a 2022 har yanzu ana labarinsu a majalisun shayi. Ranar da yake wasa, ɗan Chelsea da ɗan Arsenal duk bakinsu ɗaya. Na lura da wani abu kuma: duk wunin, a bakin masu hirar ƙwallo kaɗai na ji an ambaci sunan Nima ba tare da an haɗa shi da rikici ko kwata ba.

Bayan Magariba rimot ya dawo wurin mai shi. Kano na gaba da mu da awa ɗaya, don haka wasan da Arewa24 ke sawa ƙarfe takwas a can, bakwai ne a nan, yana karo da Isha. Hajiya ta idar, ta gyara zama. Tashar nan tun 2014 take, kuma Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina na Aminu Saira sun zama 'yan gida a falon nan. Tsohuwar ta san rikicin siyasar Alfawa, garin da babu shi a taswira, fiye da na mazaɓarta.

A nan ne abin ya tsaya mini a rai. Jikarta mai shekara tara, wadda da safe kafin ta fita take rera tallan Twi ba tuntuɓe, yanzu kowane minti sai ta taɓa kakarta tana tambaya me aka ce. Hausar Kano da sauri take, da karin magana, tana bambanta "ya zo" da "ta zo", mu kuwa yawancinmu a nan mace da namiji duk "ya zo" ne. Yarinyar ta yi dariya ta ce mutanen nan Hausarsu ta yi yawa. Ban ga laifinta ba, ban kuma ga laifin Kano ba. Sun yi nasu, sun yi da kyau. Amma kalmar "zango" da za ka ji a wasanninsu ita ce zango na ɗaya, zango na biyu na shirin. Babu mai sayar da wake da shinkafa a ganye, babu ɗan kamasho a tashar toroto, babu rigimar masu haya kan kuɗin wuta.

Ba wai Hausarmu ba ta shiga iska ba. Marhaba FM a nan Nima da Zuria FM a Kumasi suna yi kullum. GTV, wadda ta fara aiki a 1965, ta daɗe da shirin ilimantar da manya da harsunan gida, har da Hausa. Ran Sallah ana nuna Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana addu'a. Wa'azi da tafsiri ma akwai. Wasan kwaikwayo ne babu, irin wanda mata za su zauna su yi faɗa a kansa kamar yadda suka yi da hantsi.

Ƙarfe takwas 'yan mata suka roƙi a sa musu Ghana's Most Beautiful a TV3. Hajiya ta yi ƙorafin sutura, amma da 'yan arewa suka fito da batakari da kalangu ta fasa tashi. Yanki 16, kowanne da wakiliyarsa, da rawarsa, da tarihinsa. Zango yana cikin kowane yanki, amma shi ba yanki ba ne, ba shi da kujera. Wannan ne kusan iyakar abin da na gani na fasaha da al'ada duk wunin. Ibrahim Mahama na Tamale, wanda ya lulluɓe Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da buhunan koko, Turai ta san shi, falon nan bai sani ba. Zanen da Moh Awudu ke yi a bangon unguwa kuwa sai dai ka fita ka gani da idonka.

Can dare aka sa wani tsohon fim na Kumasi da Agya Koo a ciki. Kawu ya kalli rabi, ya fara labarin silimar Dunia, yadda suke tara kuɗi su shiga kallon Indiya ba fassara, su fito kowa da nasa labarin. Kafin ya kai ƙarshe rabin falon ya yi barci. Hajiya ta kashe akwatin don kar kuɗin mita ya ƙare.

Ina neman takalmina a ƙofa sai na ji dariya a bayan labule. Jikar nan ce da wayar uwarta, tana kallon wani ɗan gajeren barkwanci da samarin zango suka ɗauka a lungu suka sa a TikTok: mai gida na bin ɗan haya bashin wata uku, da Hausarmu, da Twi da Turanci a gauraye. Sau uku ta maimaita shi, ba ta tambayi kowa me aka ce ba.