Dambu da Kakide: Matsayin Kitsen Layya a Girkin Iyali a Rabah da Kewayenta

Gabatarwa

Idan aka yi zancen abincin Babbar Sallah a ƙasar Hausa, tsoka ce ke fara zuwa a rai, kitse kuwa a bar shi a baya. Wannan maƙala ta dubi kitsen layya a gidajen Rabah da Wurno da Goronyo, ta bi shi tun daga jikin rago har zuwa akushin dambu. Manufarta ita ce ta nuna cewa kitsen shi ne ke tsawaita layya a cikin gida, bayan nama ya ƙare, baƙi sun watse.

Muhallin Al'adar

Garuruwan uku suna gabashin Jihar Sakkwato. Rabah ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu a 1837. Goronyo kuwa tana da madatsar ruwa a kan Gulbin Rima. Fadamun yankin suna ba da shinkafa da albasa, tudu ya ba da gero da dawa, ga kuma kiwon tumaki. Ke nan kayan dambu da abin layya duk na gida ne.

Akwai kuma dalili na addini. A mazhabar Malikiyya, wadda mutanen yankin ke bi, ba a sayar da komai daga dabbar layya, ko fata ko kitse. Sai dai a ci, a yi kyauta, a yi sadaka. Don haka kitsen da ya rage bayan rabo ba shi da mafita sai tukunyar uwargida.

Daga Kitse Zuwa Kakide

Ranar 10 ga Zulhajji maza ne ke da yanka da fiɗa da gashi. Sukan kafe ragon a jikin itace a gefen wuta, abin da Sakkwatawa ke kira tareni. Mata kuma su karɓi kayan ciki da kitsen da ke lulluɓe da ƙoda da tumbi. Sukan yanka shi ƙanana, su ɗora a wuta marar ƙarfi har ya narke, ruwan jikinsa ya ƙone, sannan a tace a zuba a kwano mai murfi. Wannan shi ne kakide.

Hikimar aikin tana wuri biyu. Ƙone ruwan shi ke hana man saurin lalacewa. Sannan kitsen ƙoda ba ya narkewa sai zafi ya kai maki 45 zuwa 50 a ma'aunin Salshiyos, saboda haka yakan zauna a daskare a ɗaka ba tare da firji ba.

Turara Dambu

Dambu abinci ne da tururi ke dafawa, ba ruwa ba. Ana ɓarza gero ko masara ko shinkafa ya zama tsaki, a wanke, a tsane. Sai a ɗora madambaci, wato tukunya mai huje-huje a gindi, a kan wata tukunyar da ruwa ke tafasa, a liƙe mahaɗarsu da tsumma don kada tururi ya tsere. Turarawa biyu ake yi. Bayan ta farko a juye tsakin, a yayyafa masa ruwa, a haɗa shi da zogale da albasa da yaji, a mayar. Idan ya nuna, a narka kakide a kwarara a kai, a cuɗa har kowace ƙwaya ta samu.

Dambun kakide ba ya jiran mai jinkiri, domin da ya huce man zai daskare, ya kama ganɗa. Wannan ne ya sa ake kiran kowa kafin a sauke, ƙannen maigida da 'ya'yan da suka zo Sallah daga birni. A nan ne 'yan mata ke koyon gane nunar tsaki ta hanyar murza shi tsakanin yatsu, daga hannun iyaye da kakanni.

Kwatanci da Ingila

Turawan Ingila suna da wani abincin Kirsimeti da ake haɗawa da gari da busassun 'ya'yan itace da kitsen ƙodar saniya, a turara shi na sa'o'i. A al'adarsu kowane ɗan gida yakan juya ƙullun sau ɗaya. Bambancin shi ne su suna sa kitsen kafin turarawa, Bahaushiya kuwa sai bayan ta sauke. Abin da ya haɗa su shi ne kitse da tururi da taron iyali a lokacin biki.

Kammalawa

Al'adar tana fuskantar matsi. Tsadar raguna ta rage masu layya, man jarka ya maye gurbin kakide a gidaje da dama, rashin tsaro a gabashin Sakkwato kuma ya raba iyalai da ƙauyukansu. Idan girki ya gushe, kalmominsa kan bi shi. Ya kamata masu nazarin al'ada da karin harshen Sakkwatanci su zauna da tsofaffin matan yankin, su taskace sunayen sassan kitse da matakan turarawa yadda suke furta su, tun ana iya samun su a bakin murhu.