Tsatsa da tsadar gyaran tsoffin motoci a ƙasar Arewa

Duk wanda ya tsaya bakin hanyar ƙasa mai lamba 1 a Dogon Dutsi ran kasuwa, zai ga motocin da suka girmi direbobinsu suna shigowa daga Matankari, Dankasari ko Geceme, maƙare da buhunan hatsi da wake, mutane na zaune bisa kaya. Cikinsu har da ragowar Peugeot 404 mai tampol da 504, waɗanda a Faransa suka zama kayan tarihi, masu hali na ajiye su cikin ɗaki suna shafa. A nan kuwa dukiyar iyali ce, ran da ta kwanta tukunya ta kwanta.

An fara ƙera 404 a 1960, 504 kuma a 1968. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta daɗe tana haɗa 504 bayan Turai ta bar ta, shi ya sa kayan injinta suka wadata a kasuwannin Sakkwato da Kano. Saboda haka inji ba ya tayar da hankalin mai mota. Abin da ke kai waɗannan motoci kushewa shi ne tsatsa.

Mai karatu zai ce: ina tsatsa a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu ba? Amsar tana Turai. A can ana watsa gishiri bisa hanya lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara, gishirin kuma ya shige lungunan ƙarfe ya zauna. Bayan da Faransa ta wajabta binciken lafiyar motoci a 1992, da yawa daga waɗanda suka kasa an riƙa sa su jirgin ruwa zuwa Kwatanu, suna biyo Malanbil da Gaya, cutarsu na ɓoye ƙarƙashin sabon fenti. Da sun iso, sauran aikin namu ne: laka ta Dallol Mawri da ke manne wa ƙasan mota tana riƙe danshi, fitsarin awaki da tumakin da ake lodawa, buhunan gishiri da kanwa da takin zamani, ga ruwan batir da ke ɗiga. Daɓen mota ke fara hujewa, sai gindin ƙofofi, sai wurin da ƙafafun gaba suka kama jiki.

Gyara iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tazarar kuɗi mai yawa. Na gaskiya shi ne a kware fenti har ƙarfe ya fito fili, a yanke duk inda ya ruɓe, a auna sabon faranti a buga shi da guduma har ya ɗauki siffar wurin, a yi walda, a shafa maganin tsatsa kafin fenti. Aiki ne na makonni, yana cin karbir da iskar walda, kuma babu mai gyaran da zai iya yanke farashinsa tun farko, domin abin da ido ya gani kaɗan ne daga abin da ke ciki. Na biyu shi ne a cusa mastik a rami, a goge, a fesa fenti. Kwana biyu an gama, mota na ƙyalli kamar amarya. Damina ɗaya ko biyu, fentin ya kumbura ya fashe. A ganinmu wannan ha'inci ne in an yi shi don a sayar da mota, ganganci ne kuma in tsatsar ta kai ga shasi, tunda mutum ashirin na iya hawa wannan ƙarfen.

A Turai ladan ma'aikaci ne ke cinye kuɗin, tunda da awa ake biyansa, har gyaran jiki kan zarce darajar motar kanta. A Dutsi da Tibiri abin ya juya: hannu na da araha, kaya ne ke da tsada, domin faranti da fenti da mastik duk daga waje suke zuwa. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga 50 zuwa 100, ta ninka kuɗin kayan Turai dare ɗaya. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023, sun sake tsuke hanyoyin da kayan ke bi.

Dole ta sa masu walda suka koma ga abin da ke kusa. Ana fasa tsohuwar ganga a miƙe ta a yi daɓe, ana yanko ƙofa ko fiffike daga gawar wata motar, wani lokaci sai an je har kasuwar Katako ta Yamai kafin a dace. Gawawwakin ma suna ƙarewa, domin masu sayen tsohon ƙarfe bisa kilo na bin garuruwa suna kwashe su, kuma 404 ɗin da aka sare aka ɗora bisa sikeli ba ta ƙara ba wata ƙofa.