Wutar da Ke Bin Wayar MIDI da Abin da Ke Kashe Allon Takawar Mai Jita

Mai kaɗa jita hannayensa biyu suna kan tsarkiya, don haka da ƙafa yake sauya muryar kiɗa. A gabansa akwai allo mai jerin maɓallai: ya taka wannan sauti ya fito garau, ya taka wancan ya koma gurnani. Allon ba ya yin sauti, umarni kawai yake aikawa ta wayar MIDI zuwa akwatin na'urorin da ke bayan dandamali. Sai dai shi ma yana cin wuta, kuma ba makaɗin da ke son adafta da ƙarin waya a inda yake taka ƙafa. Shi ya sa aka yi dabarar turo masa wutar ta cikin wayar saƙon, abin da ake rubuta wa Phantom Power a bayan na'ura.

Tushen matsalar yana cikin tarihi. A 1983 aka fito da tsarin MIDI, bisa ƙoƙarin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan. Filoginsa fil biyar gare shi, amma uku ke aiki: na 4 da na 5 suna ɗaukar saƙo, na 2 na garkuwar waya ne, na 1 da na 3 kuwa an bar su haka nan. Wutar saƙon miliamfiya 5 ce kacal, ba ta isa ta kunna allo ba, kuma tsarin bai tanadi ciyar da wata na'ura ba. Sai kowane kamfani ya kama gabansa. Kamfanin Voodoo Lab ya bi ta fil biyun da aka bari, inda akwatinsa na GCX ke ciyar da allon Ground Control Pro ta waya mai fil biyar. Rocktron, da Mesa/Boogie a TriAxis, da Fractal Audio a Axe-Fx II sun zaɓi soket mai rami bakwai, wuta na bin na 6 da na 7. Ni a ganina wannan rarrabuwa ita ce ta fi jawo wa makaɗa asara, domin filogi yana shiga lafiya lau ko da tsarin bai dace ba.

Idan allo ya ƙi kamawa, waya ce abin tuhuma na farko. Yawancin wayoyin MIDI masu araha fil biyar ake gani a baki, amma zare uku kawai aka haɗa a ciki. Irin wannan tana kai saƙo daram, ba ta kai wuta. Haka kuma filogi mai fil biyar yana zama a soket mai rami bakwai ba tare da gardama ba, mutum ya ɗauka ya gama haɗi alhali ramukan wutar biyu a wofi suke. Mitar da masu gyaran rediyo ke riƙewa ta isa ta raba gardama: a taɓa kowane fil da takwaransa na ɗaya bakin, a ji ko za ta yi ƙara. A kuma duba ko akwai wani ƙaramin akwatin rarraba saƙo a tsakani, don galibinsu ba sa wucewa da wuta.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A na'urori irin TriAxis da Axe-Fx II, akwatin ba ya samar da wutar da kansa. Adaftar allon ake cusa masa a baya, shi kuma ya miƙa ta ga fil na 6 da na 7 yadda ta zo. Ba adafta, ba wuta. Muguwar adafta kuma, kai tsaye za ta isa allon.

A nan ne ake ƙona kaya. Wasu alluna, kamar MFC-101 na Fractal, bolt 9 na AC suke so, alhali adaftar da ta cika jakar masu jita bolt 9 ce ta DC irin ta kamfanin Boss, mai korau a tsakiyar baki. Lamba ɗaya, siffa kusan ɗaya, wutar daban. Allon da ke son DC idan aka ba shi AC, ko aka juya masa kai da gindi, yana iya lalacewa nan take. A ƙasashenmu akwai ƙarin tarko: kayan gwanjo da suka fito daga Amurka adaftarsu ta AC taransifoma ce da aka naɗa don bolt 120, mu kuwa wutarmu 220 zuwa 230 ce. Sai dai a nemi mai rage wuta ko a sayi adaftar da ta dace.

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne allon da ke kamawa, sannan ya mutu ya farfaɗo da kansa a tsakiyar waƙa. Sau da yawa doguwar waya mai siririn zare ce ke shanye wutar a hanya. Idan juriyarta zuwa da dawowa om 2 ce, allon kuma yana jan rabin amfiya, bolt guda ya tafi. Ƙaramin mai daidaita wuta irin 7805 da ke cikin na'urori da yawa yana bukatar kusan bolt 7 kafin ya ba da 5 tsayayye, saboda haka da an kunna fitilu da yawa, ko janareta ya ɗan sassauta, sai allon ya ɗauke. Dole a yi awo allon yana aiki, domin adafta mai taransifoma takan nuna sama da abin da aka rubuta mata idan ba abin da ke jan ta. Maganin shi ne gajeriyar waya mai kaurin zare.

Kada a haɗa wannan Phantom Power da bolt 48 da teburin haɗa sauti ke bai wa makirufo; suna kawai suka haɗa. Mai son liƙa wayarsa da dalma kuma ya sani lambobin fil ba a jere suke ba. A soket mai bakwai tsarin 6, 1, 4, 2, 5, 3, 7 ne, kuma idan aka duba ta bayan filogi dama ta koma hagu. Kafin a cusa sabuwar waya a allon, a auna bakinta da mita a tabbatar ba wutar adafta a fil na 4 da na 5.