Gargaɗi: Ku Dubi Bakin Kwale-kwale Kafin Ku Sa Ƙafa

Jama'ar Fagam, jama'ar Gwaram da Birnin Kudu, ku saurara. Kogi ya kawo. Inda kuka ratsa yashi da ƙafa da rani, yau sai da fito. Kogin nan daga tsaunukan Jos yake tasowa, Bunga ake ce masa a sama, Jama'are a ƙasa. Ko ɗigo bai sauka a nan ba, ruwan da aka tafka a Filato da ƙasar Bauchi zai iso mana, ɗauke da itatuwa da kututture. Su wa ke hayewa? Matanmu masu zuwa kasuwa. 'Ya'yanmu 'yan makaranta. Manoma da 'yan biki. Ku ne, mu ne.

Kun manta Bagwai? Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya taso daga Badau a madatsar ruwa ta Watari, cike da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. A watan Mayu na shekarar, kusa da Warrah a Jihar Kebbi, wani jirgin ya nutse a Kogin Kwara da mutum sama da 150, kaɗan ne suka tsira. Allah Ya jiƙansu. A duka biyun an yi kukan abu ɗaya: lodi ya wuce ƙima. Sai mun ga irin wannan a gaɓarmu sannan za mu farka?

Ku sani, jirgi yana nuna alama kafin ya ci mutane. Alamar a jikinsa take, kowa na iya gani. Ga abubuwa huɗu. Ku riƙe su.

Na farko, ragowar baki. Jirgi yana yawo a kan ruwa ne don yana ture ruwa daidai nauyinsa. Ƙara masa nauyi, ya ƙara nutsawa. Abin da ya shige ƙasa shi ne zurfin nutsonsa. Abin da ya rage a sama, daga fuskar ruwa zuwa bakin katako, shi ne ragowar baki. Ranku a wannan 'yar tazara yake.

Ku yi lissafi. Litar ruwa 1 kilo 1 ce. A ɗauki kwale-kwale mai tsawon mita 8 da faɗin mita 1. Da yake gaba da baya sun tsuke, shimfiɗarsa a kan ruwa kamar murabba'in mita 6 ce. Duk kilo 60 da aka ɗora, sai ya nutse santimita 1. Babban mutum ɗaya ke nan. Buhun masara mai kilo 100, kusan santimita 2. Babur, haka ko fiye. Mutum 10 da ake cusawa a ƙarshe ana cewa "ku matsa, ku gyara", sun cinye santimita 10. Me ya rage? Yatsu uku? Yatsu biyu? Igiyar ruwa ɗaya ta isa.

Ka sa hannu ka auna kafin a ture jirgi. In ragowar ba ta kai taƙi ɗaya ba, sauka. Kada ka ji kunya. Sauka!

Na biyu, tsayin kaya. Kowane jirgi yana da cibiyar nauyi. In tana ƙasa, jirgi ya karkata sai ya dawo daidai. In ta hau sama, ya karkata sai ya zarce. Me ke ɗaga ta? Buhuna da aka jera hawa uku. Babur a tsaye. Mutane zaune a kan kaya. Mutane a tsaye. Siririn kwale-kwale ya fi kowanne haɗari, domin faɗi ne ke ba jirgi ƙarfin komowa. Alamar ita ce wannan: mutum ɗaya ya taka baki, jirgi ya kwanta, ya daɗe bai miƙe ba. Ka ga haka? Kada ka shiga. Kaya masu nauyi a shimfiɗa su a ƙasa, a tsakiya. Kowa ya zauna a cikin jirgi. Kada wanda ya miƙe sai an daki gaɓa.

Na uku, ruwan ciki. Wannan shi ne mugun da aka raina. Ka shiga jirgi, ruwa ya rufe maka idon sawu, mai fito ya ce ba komai, yaro na kwashewa da ƙwarya. Akwai komai. Ruwa mai zurfin santimita 5 a kan daɓen jirgi mai murabba'in mita 4 ya kai lita 200. Buhu biyu ke nan da ba wanda ya ƙirga. Kuma ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ya taɓa ɗaukar ruwa a faranti ya sani: da ka ɗan karkata, duk ruwan ya ruga gefe guda, ya ƙarasa karkatar da hannunka. Haka yake yi wa jirgi. A kwashe ruwa ƙarƙaf kafin a yi lodi. Jirgin da ake toshe wa yoyo da tsumma da leda, a ja shi tudu a gyara. Katakon da ya ruɓe, a canja shi yau.

Na huɗu, daidaiton lodi. Ku tsaya a gaɓa ku duba. Gaba ya fi baya nutsawa? Gefe ɗaya ya fi ɗaya? Jirgin da hancinsa ya duƙa zai sha ruwa da zarar ya shiga tsakiyar kogi, inda ruwa ya fi ƙarfi. Wanda ya tashi a karkace ya riga ya yi asarar wani ɓangare na ragowar bakinsa a gefe guda. Kuma in jirgi ya girgiza, kada ku ruga gefe ɗaya. Kada ku riƙe juna kuna ihu. Ku duƙa. Ku zauna inda kuke.

Masu fito, da ku nake. Mun san sana'ar gado ce. Mun san kun fi mu sanin kogi. Amma ku kun iya iyo, matar da ke goye da jariri ba ta iya ba. Nawa ne kuɗin fiton mutum biyar? Ya kai rai? Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da gawa. In jirgi ya kife, jarinka ya tafi, sunanka ya ɓaci, ga hukuma, ga hakkin rayuka a wuyanka har gaban Allah.

Maganin ba tsada gare shi ba. A Ingila, bayan jiragen da aka cika wa kaya sun hallaka ma'aikatan ruwa masu yawa, wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya matsa har aka yi doka a 1876 cewa a zana layin lodi a jikin jirgi. Har gobe manyan jiragen teku suna ɗauke da wannan alama. Ruwa ya taɓa layi, lodi ya ƙare. Me zai hana mu? Gwangwanin fenti ɗaya ya isa mashigi guda. Sarkin ruwa ya tara masu fito. A auna kowane jirgi. A ja jan layi a gefe biyu. A rubuta adadin mutanen da zai ɗauka, da manyan lambobi, inda kowa zai gani.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya ga kowane fasinja. Ina rigunan a mashiganmu? Shugabannin ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu, ku samar da su. Hakimai, dagatai da masu unguwanni, ku sa mutum a gaɓa ranar kasuwa, wanda zai ce "ya isa" a ji. Malamai, ku faɗa a huɗuba. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Iyaye, kada ku tura yara su kaɗai. Malaman Islamiyya, kada ku zuba aji guda a jirgi ɗaya. 'Yan kai amarya, ku rabu gida biyu. Hadari ya haɗo? Ku jira. Magariba ta yi? Ku kwana a ƙetare. Sauri kan haifi nawa.

Kada a ce sai an yi taro. Kada a ce sai bayan damina. Kogi ba ya jiran kwamiti, kuma kasuwa mai zuwa za a sake cika jirgi. A sayi fenti yau. A ja layi gobe da safe. Duk jirgin da ruwa ya rufe layinsa, kada ya bar gaɓa, ko wa ke ciki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.